Sharhina kan Exercism ga wanda ya wuce matakin farko a Python

Jama'a akwai wani waje da mai koyon Python yake maƙalewa, ka iya umarnin farko-farko irin su if da for, kana rubuta ƴan ƙananan abubuwa suna aiki, ka kalli bidiyoyin masu farawa kaf, amma da ka buɗe kod ɗin ƙwararru a GitHub, shafin da masu rubuta kod ke ajiye ayyukansu, sai ka ga kamar ba yaren da ka koya ba ne. A nan nake tsaye lokacin da na fara amfani da Exercism, kuma wallahi ya yi min rana.

Shafi ne na kyauta, Katrina Owen ce ta fara shi a 2013, akwai yarukan kwamfuta sama da 70 a ciki amma ni Python kawai na bi. Za a ba ka aiki haɗe da gwaje-gwajen da za su nuna ko ka yi daidai, kana iya rubutawa a burauza ko ka sauke a kwamfutarka ka gwada da pytest, manhajar gwada kod ɗin Python. Wannan dai wasu shafukan ma suna yi.

Inda ya burge ni shi ne bayan kod ɗinka ya ci gwaji kana iya neman mutum ya duba maka, mutum na gaske ba na'ura ba. Akwai wani aiki sunansa Isogram, a gano ko kalma tana da harafin da ya maimaitu. Na sa for a cikin for ina gwada kowane harafi da sauran ɗaya bayan ɗaya, komai ya yi kore, wato ya ci gwaji, ina murna. Mai dubawar bai ba ni amsa ba, tambaya ya yi min, wane abu ne a Python ba ya karɓar abu iri ɗaya sau biyu? Sai set ya faɗo min, na tace haruffa da isalpha mai gane harafi daga abin da ba harafi ba, na mayar da su ƙanana, na gwada tsawon jerin da tsawon set ɗin, layi uku an gama. Sannan ya fahimtar da ni dalili, a tsohuwar hanyata in bayanai suka ninka biyu aikin ninkawa huɗu zai yi, a kalma ɗaya ba za ka ji ba amma ranar da bayanai suka kai miliyoyi za ka ji a jikinka. Haka na san Counter, mai ƙirga sau nawa abu ya fito, a aikin ƙirga kalmomi mai suna Word Count, daga baya na gane amfanin yield, yadda za ka bi ƙaton fayil layi-layi ba sai ka loda shi duka a memori ba.

Kana miƙa naka kuma za ka iya ganin yadda wasu suka warware, ina daɗewa a nan sosai, sai dai kar gajarta ta ruɗe ka, wani zai cusa komai a layi ɗaya ba ya karantuwa.

Abin da ya kamata ka sani, ayyukan ƙanana ne, ba nan za ka koyi Django, kayan gina shafukan intanet da Python, ko haɗa manhaja sukutum ba, wannan sai ka kama wani aiki naka a gefe. Masu dubawar kuma ƴan sa kai ne, a lokacinsu suke yi, don haka ka tura ka ci gaba da wani aikin kafin amsa ta zo. In za ka nemi dubawa kar ka bar wajen bayani fayau, rubuta takamaiman abin da kake so a duba maka, sauri ne ko tsarin kod ɗin, ni dai na fi samun amsa mai gamsarwa a haka.