Sujadar yamma a cocin Westminster Abbey na Landan: ku je, kuma ku je da wuri

'Yata ce ta matsa mini. Ta ce, "Mama, ba za ki koma Wusasa ba ki ga wannan coci ba." Da na ji kuɗin tikitin masu yawon buɗe ido ya kai wajen fam 30, na ce a bar shi. Sai ta ce ai mai zuwa sujada ba ya biyan ko sisi. Haka muka yi, ranar Talata, sujadar ƙarfe 5 na yamma da suke kira Evensong.

Mun sauka a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Westminster, muka shiga layi a babbar ƙofar yamma tun kafin huɗu da rabi. A tsayen nan na ɗaga kai na ga mutum-mutumi goma a saman ƙofar, shahidan ƙarni na 20 da aka kafa a 1998. Cikinsu har da Janani Luwum, babban bishop na Yuganda da aka kashe a 1977, zamanin Idi Amin. Na daɗe ina kallonsa. Ɗan Afirka ne, ɗan Angilikan kamar mu, ga shi a gaban cocin da ake naɗa sarakunan Ingila.

Masu tarbar baƙi suka nuna mana wurin zama cikin ladabi, suka ba mu takardar tsarin sujada, suka ce a ajiye waya, ba a ɗaukar hoto. Zuwa da wuri ya sa muka samu kujera kusa da mawaƙa.

To, waƙar! Yara maza ƙanana da manya, sanye da jajayen riguna da farare a sama, suka shigo a jere. Da suka ɗauki Zabura sai na ji tsigar jikina ta tashi. Wani yaro da bai wuce shekara goma ba yana bin takardarsa da ɗan yatsa, muryarsa siririya tana hawa har can ƙololuwar rufin cocin da aka soma ginawa tun 1245. Turancin na tsohon littafin addu'a ne na 1662, wasu kalmomin sun fi ƙarfina, amma ban ɓata ba ko kaɗan. Waƙar Maryamu, karatu, waƙar Saminu, sannan shaidar bangaskiya. Tsarin da muka tashi da shi ke nan a gida. Ni da Hausa nake faɗin nawa a zuciya.

Ba wa'azi, ba ganga, ba tafi. Jama'a sauraro suke yi, sai wuraren da aka ce a amsa. Ni da na saba da shantu da guɗar Zumuntar Mata, da farko hannuna ya rasa abin yi. Can sai shirun ya ratsa ni, na yi wa mahaifiyata marigayiya kuka ba tare da na shirya ba.

Mai neman zumunci irin namu, a tashi a tsaya gaishe-gaishe har magariba, ya sani yawancin masu zuwa baƙi ne daga ƙasashe daban-daban, kowa zai kama gabansa. Cikin minti 45 an gama. Ku duba shafinsu na intanet kafin ku fita, domin ba kullum mawaƙan ke yi ba, kuma ran Lahadi ƙarfe 3 ake farawa. Ku riƙe rigar sanyi, layin a waje ake yinsa.