Sharhi kan manhajar bayanan haƙori da yadda take adana labarin ciwon dasashi

Tun da asibitin haƙorin da nake aiki ya ajiye katunan takarda ya koma adana bayanan marasa lafiya a kwamfuta, abokan sana'a suke tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. A fannin tsara ranakun ganin likita da rubuta aikin cike haƙori ko cirewa, ba ni da wani ƙorafi a kan manhajar da muke amfani da ita. Sai dai ni ma'aunina a kan kowace manhaja irin wannan shi ne ciwon dasashi, domin cuta ce mai tafiya a hankali cikin shekaru, galibi ba tare da zafi ba, kuma ba a gane ta tsaya ko tana ci gaba da cin ƙashi sai an ɗora awon bana a kan na bara. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa mai tsananinta ya shafi kusan kashi 19 cikin 100 na manya, wato sama da mutum biliyan 1, don haka ba ƙaramin sashe ba ne na aikinmu.

Abin da na fi yabawa shi ne shafin awo. Cikakken awon dasashi yana buƙatar a zura tsinken awo a wuri 6 a kewayen kowane haƙori, uku ta gefen kunci, uku ta gefen harshe, a karanta zurfin ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi da milimita. Mai haƙora 28 yana da wuri 168 ke nan, kuma kowane wuri ana son a san ko ya yi jini bayan an taɓa shi. A zamanin takarda, mataimakiya tana rubutawa cikin ƙananan gidaje da sauri, lamba 1 ta yi kama da 7, wani lokacin a tsallake layi ba a sani ba sai an kai ƙarshen muƙamuƙi. Yanzu kuwa ina kiran lambobi uku uku, tana dannawa, alamar tana matsawa da kanta bisa tsarin da muka zaɓa, tana kuma tsallake haƙoran da aka riga aka nuna babu su. Lissafin kason wuraren da suka yi jini yana fitowa nan take, kuma wannan yana da amfani ƙwarai, saboda daga kashi 10 cikin 100 ake fara kiran abin kumburin dasashi. Haka nan ana iya jera awo biyu gefe da gefe a juya allon ga mara lafiya. Na ga mutane da dama da ba su taɓa ɗaukar maganar tsabtace tsakanin haƙora da muhimmanci ba sun canza, bayan sun ga da idonsu yadda jajayen ɗigogi suka ragu a tsakanin zuwa biyu.

Matsalar ta fara ne daga launukan nan da suke burge kowa. Manhajar tana sa wa lamba ja idan zurfin rami ya kai milimita 4, abin da bai kai ba kuma ta bar shi kore. Amma zurfin rami shi kaɗai ba ya faɗin gaskiyar ɓarnar da aka yi. Idan dasashi ya janye har milimita 3 daga wuyan haƙori, inda farin ɓawo ya haɗu da saiwa, sannan aka sami rami mai zurfin milimita 3, to abin da haƙorin ya rasa na riƙonsa milimita 6 ne, kuma idan a tsakanin haƙora ne wannan ya isa a sa mutum a mataki na 3 cikin matakai 4 na tsananin cutar. A allonmu wurin zai fito kore shar. Akwai layin rubuta janyewar dasashi, amma ba dole ba ne a cike shi, kuma idan an bar shi fayau manhajar tana lissafa shi a matsayin sifili. Wannan a ganina shi ne babban aibinta. Gidan da ba a auna ba daban, gidan da aka auna aka sami sifili daban, kuma likitan da zai buɗe fayil ɗin bayan shekara 3 ba shi da hanyar rarrabe su. Ga kuma ruɗanin alamar ragi: idan dasashi ya kumbura ya rufe wuyan haƙori, wasu a cikinmu suna rubuta lambar da alamar ragi, wasu ba sa yi, shafin kuma bai faɗi wanne yake so ba, sai lissafin ya ƙara inda ya kamata ya rage.

Na biyu shi ne gurbin rubuta sunan cutar. A taron da ƙungiyar likitocin dasashi ta Amurka da takwararta ta Turai suka yi a Cikago a 2017, wanda aka buga sakamakonsa a 2018, an jingine rabon 1999 da ya kasa cutar gida biyu, mai daɗewa da mai saurin ɓarna. An maye gurbinsa da mataki 1 zuwa 4 don nuna tsanani da wahalar magani, da aji A, B ko C don nuna saurin ci gaba, sannan a faɗi ko ta tsaya a ƙasa da kashi 30 cikin 100 na haƙora ko ta game baki. Jerin da manhajarmu take bayarwa har yanzu na lambobin ICD-10 ne, wato kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, irin su K05.3, waɗanda ba su san mataki ko aji ba. Mai son ya rubuta cikakken bayani sai ya koma gurbin rubutun hannu sake, inda kowa yake rubutawa yadda ya ga dama, wani da lambar Romawa, wani da taƙaitawar da shi kaɗai ya san ma'anarta. Abin da ya fi damuna ma shi ne ana iya rufe fayil a rubuta an yi wankin saiwar haƙori ba tare da an rubuta sunan cutar da ta sa aka yi shi ba. Manhajar ba za ta bari a wuce ba sai an zaɓi lambar aikin da aka yi, amma dalilin aikin ba ruwanta da shi.

Abin takaici, duk kayan da ake buƙata don fitar da aji suna cikin fayil ɗin, a warwatse kawai suke. Ana raba kason ƙashin da ya zaizaye a haƙorin da ya fi lalacewa da shekarun mutum: kashi 30 a wurin mai shekara 60 ya ba da 0.5, aji B ke nan, amma kashi 30 ɗin a wurin mai shekara 25 ya ba da 1.2, wanda ya haura 1.0 ya shiga aji C. Shan sigari kara 10 ko fiye a rana yana kai mutum aji C, haka ma mai ciwon suga da awon HbA1c ɗinsa, wato matsakaicin sugan jini na 'yan watannin baya, ya kai kashi 7 cikin 100 ko fiye. Ranar haihuwa tana shafin farko, hoton ƙashi yana wata manhaja daban da ake buɗewa ta gefe, tambayar sigari kuma "e" ko "a'a" ce kawai babu adadin kara, ciwon suga ma haka, babu gurbin sakamakon awo ko ranar da aka yi shi. Ba na neman kwamfuta ta yanke hukunci a madadin likita. Ina so ne ta tattaro waɗannan abubuwa ta ajiye su kusa da shafin awo, ta kuma tuna wa mai aiki cewa akwai gurbin da bai cike ba. Hatta haƙoran da suka fita, ana nuna babu su ne kawai, ba a tambayar dalili, alhali abin da ya raba mataki na 3 da na 4 ya haɗa da ko mutum ya rasa haƙora 5 ko fiye saboda ciwon dasashi, ba saboda ruɓewa ko hatsari ba.

Akwai wani maɓalli da yake kwafo awon zuwan baya gaba ɗaya ya zuba shi a ranar yau, da nufin a gyara wuraren da suka canza kawai. A ranar da layi ya yi tsawo jarabarsa tana da ƙarfi, kuma babu wata alama da take bambanta lambar da aka kwafo da wadda aka auna. Fayil zai nuna cuta ta tsaya cik, alhali ba a sa tsinke a bakin ba. Mun yarda a tsakaninmu mu daina taɓa shi, kuma da a hannuna yake da an cire shi.

Tura mara lafiya wani asibiti ma yana da nasa haɗarin. Bayanan suna fita ne a matsayin hoton shafi, ba lambobin da wata manhaja za ta iya karantawa ba, kuma takardar ba ta faɗin tsarin lambar haƙoran da aka bi. A tsarin ƙungiyar likitocin haƙori ta duniya, wato FDI, mai lamba biyu, 16 shi ne turmi na farko a sama ta dama, amma a tsarin Amurka mai ƙirga 1 zuwa 32, 16 shi ne turmin ƙarshe a sama ta hagu.

Ga asibitin da yake son barin takarda, zan ce manhajar ta cancanci a gwada ta, domin saurin awo da tsabtar rubutu da kwatanta zuwa biyu ribobi ne na gaske. Amma kafin a fara, a zauna a rubuta ƙa'idar gida: a cike layin janyewar dasashi ko da sifili ne, a daidaita kan alamar ragi, a rubuta mataki da aji da faɗin cuta da lafazi ɗaya, a kuma riƙa zaro wasu fayiloli lokaci lokaci ana duba abin da ya ɓace. Mun aika wa kamfanin buƙatu biyu a rubuce, wato a bar gidan da ba a auna ba ya fito fayau a lissafi, kuma a ƙara jerin 2018 a gurbin sunan cuta. Sun amsa cewa suna dubawa, kuma a sabuntawar da ta zo bayan nan babu ko ɗaya daga cikinsu.