Digital Wellbeing: manhajar da ke ƙidaya lokacinka a waya, amma ba ta riƙe maka hannu

Kamfanin Google ya fito da Digital Wellbeing a shekarar 2018, kuma yau tana zaune cikin yawancin wayoyin Android da ake sayarwa a kasuwa, har da Tecno da Infinix. Kyauta ce, ba sai an sauke ta ba. Shiga Settings, ka gangara ƙasa har ka ga Digital Wellbeing & parental controls. Samsung na da irin tata mai suna kusan ɗaya, sai dai tsarin shafukan ya ɗan bambanta.

Abin da za ka fara gani shi ne da'ira mai launuka da ke nuna awannin da ka ci a waya yau, da manhajar da ta cinye su, da sau nawa ka buɗe wayar, da yawan sanarwar da suka shigo. Wannan shafi shi ne mafi ingancin abin da ke cikinta. Mutum zai rantse bai wuce rabin awa a TikTok ba, lissafi kuma ya nuna awa uku. Kada ka taɓa komai a makon farko. Bar ta ta tara lissafin kwana bakwai tukuna, domin iyakar da aka sa bisa zato ba ta kwana biyu.

Daga nan sai App timers, wato agogon da ke ƙayyade wa kowace manhaja minti nawa a rana. Idan lokacin ya cika, tambarin manhajar zai dushe ya koma ruwan toka, ba za ta buɗu ba sai ƙarfe 12 na dare. Kuskuren da aka fi yi shi ne zafin nama. Wanda ya saba awa uku, idan ya yanke wa kansa minti goma sha biyar, kafin La'asar ya goge agogon. Gara a rage kashi ɗaya bisa uku: awa uku ta koma biyu, bayan mako guda ta koma ɗaya da minti ashirin. Kuma manhaja biyu ko uku da suka fi cin lokaci kawai za a ɗaure. Mai sana'ar da ke karɓar oda ta WhatsApp kada ya sa mata agogo, domin sanarwarta ma tsayawa take yi, ciniki ya wuce shi. Maganin WhatsApp na cikinta: a kashe ƙarar zaurukan surutu, a jefa su Archive.

A nan ne raunin manhajar yake, kuma ba ƙarami ba ne. Babu kalmar sirri da ke tsare agogon. Taɓawa biyu ko uku ta isa ka ƙara wa kanka awa ko ka cire shi gaba ɗaya. Ga kuma ƙofofin baya. Idan ka ɗaure Facebook amma Facebook Lite na cikin wayar, lissafinsu daban ne. Haka in ka shiga ta burauza. Digital Wellbeing tana iya ƙidaya shafuka ɗai-ɗai a Chrome idan ka kunna hakan, amma a Opera Mini ko Phoenix da ke zuwa da wayoyin Tecno, burauzar baki ɗaya za ka sa wa agogo. Sabunta lissafi da ƙarfe 12 na dare ma matsala ce ga masu sayen datar dare mai rangwame: daidai lokacin da ya kamata a kwanta ne ƙofar ke sake buɗewa.

Abin da ke toshe wannan ramin shi ne Bedtime mode. Yana mai da allon waya fari da baƙi, ya kuma yi shiru da sanarwa. Bidiyo marar launi ba ya jan ido, wannan kuwa da gangan aka yi shi. Zaɓi jadawalin agogo, misali daga ƙarfe 10 na dare zuwa 5 na asuba, maimakon zaɓin da ke jira sai an jona caji, tunda inda wuta ba ta da tabbas dare da yawa zai wuce bai kunnu ba. Ƙararrawar tashi sallar Asuba tana bugawa yadda ta saba. Domin kiran gaggawa, sa wa lambobin iyaye da iyali tauraro, ka ba su izini a Do Not Disturb, wato tsarin da ke hana kira da sanarwa yin ƙara, ka kuma kunna damar mai maimaita kira cikin minti 15.

Focus mode ya fi dacewa da ɗalibi mai shirin JAMB ko WAEC, da tela ko ma'aikacin ofis. Ka zaɓi manhajojin da ke ɗauke hankali, ka sa musu jadawali, su kulle tare. Akwai maɓallin hutu na minti 5, 15 ko 30. Na minti 5 ɗin ya wadatar. Sauran biyun ci da ƙarfi ne.

Sai dai duk wannan ragewa ce kawai. Manhajar ba ta gaya maka me za ka zuba a gurbin da ta buɗe, kuma awa guda da aka ƙwato daga TikTok ba tare da shiri ba, YouTube ce ke gadar ta. Don haka a ranar da ka sa agogo, ka gyara allon farko na wayar. Kwashe manhajojin hira zuwa shafi na biyu, ka jera abin da ya shafi burinka: manhajar Alƙur'ani ga mai hadda, tambayoyin jarrabawar baya ga ɗalibi, littafin lissafin ciniki ga ɗan kasuwa. Labarai kuwa a ware musu lokaci ɗaya, kamar shirin safe na BBC Hausa ko DW ko RFI, ya fi a wuni ana leƙen kanun labarai. Karatu da darussan murya a sauke su tun da wuri, a saurara data a kashe, sanarwa ba ta samu hanyar shigowa ba. A YouTube kashe Autoplay, wato kunna bidiyo na gaba da kansa, sannan ka danna Not interested a kan duk abin da ba ka so, domin abin da ka tsaya kallo shi ake ƙaro maka.

Ga yara, ɓangaren Family Link, wato manhajar Google ta kula da wayar yara, ya fi ƙarfi, tunda makullin na hannun iyaye a wata wayar daban. Babba da ya san ba zai iya da kansa ba, agogon nan bai ishe shi ba. Cire manhajar da ke damunsa daga wayar, ko da na wata guda ne, ya fi masa sauƙi.