Apollo Client ko urql: wanne ya dace da shafin shagon magani?

Ɗan uwa, ka ce kana gina shafin lissafin kayan wani shagon magani da React (kayan aikin gina fuskar shafin intanet), mai rubuta ɓangaren sabar ya ba ka GraphQL (salon neman bayanai daga sabar), kuma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin Apollo Client da urql, kayan aiki biyu da shafi ke amfani da su wajen magana da sabar GraphQL. Na yi aiki da su duka biyun, bari in nuna maka inda suka raba hanya.

Wajen tura tambaya da karɓo amsa kusan Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Kowanne yana da useQuery na neman bayanai da useMutation na canza su, wanda ya iya ɗaya zai gane ɗayan cikin yini guda. Bambancin yana wurin ajiya, wato abin da kowannensu yake yi da bayanan bayan sun iso burauza.

Apollo yana rarraba amsar ne gunduwa-gunduwa. Ma'ajiyarsa, InMemoryCache, tana haɗa __typename (sunan nau'in abu) da id (lambarsa) ta ba kowane abu shaidarsa, misali Magani:17. To a ce farasitamol ya fito a jerin kaya, ya fito a shafinsa na kansa, ya kuma fito a kwandon ciniki. A wurin Apollo kwafi ɗaya ne tak. Yaron shago ya sayar da fakiti 2, sabar ta dawo da id da adadin da ya rage, nan take wurare ukun za su gyaru ba tare da an sake tambayar komai ba. Wannan ne ya sa nake son sa. Amma idan sabon magani aka shigar ko aka goge wani, Apollo bai san jerin da abin ya shafa ba, sai kai ka gaya masa ta hanyar update (gyara ma'ajiyar da hannunka) ko refetchQueries (sake tura tambayar). Kuma ranar da ka zo raba dogon jeri shafi-shafi, za ka zauna da typePolicies, wato ƙa'idojin ma'ajiyar, ka rubuta yadda za a haɗa sabon shafi da tsoho. Wurin nan yana cin lokaci, kada kowa ya ce maka wasa ne.

Shi urql, yadda yake zuwa, ba ya rarraba komai. Amsar gaba ɗayanta yake ajiyewa a ƙarƙashin tambayar da ta kawo ta. Idan aka canza wani abu, sai ya duba nau'in abin da sabar ta dawo da shi, ya sake tura duk tambayar da ke ɗauke da wannan nau'in. Kod ɗin da za ka rubuta kaɗan ne, kanka kuma a huce.

Sai dai akwai rami guda da na taɓa faɗawa. Na gina shafin odar kwastomomi da urql, ranar gwaji jerin babu komai a ciki. Na shigar da odar farko, sabar ta karɓa, allo ya ƙi motsi. Na sake, shiru. Daga la'asar har bayan isha'i ina zargin sabar, ashe jerin da ya dawo fanko ba ya ɗauke da __typename, don haka urql bai san odar ta shafe shi ba. Layi ɗaya na additionalTypenames, inda ake gaya wa urql nau'in da jerin yake ɗauka, ya warware matsalar. Idan kuma daga baya ka buƙaci irin ma'ajiyar Apollo, akwai Graphcache da ake ƙara wa urql.

Maganar data fa? urql ya fi sauƙin nauyi, shafinka zai fi saurin buɗewa a karon farko a ƙaramar wayar Android. Amma wannan sau ɗaya ne. Sake tambayar sabar da urql ke yi bayan kowane ciniki kuwa kullum ne, kuma a unguwar da netwok ke zuwa yana ɗaukewa, mai shago zai ji a jikinsa, kwastoma na tsaye allo na juyawa.

Wani zai ce maka ka ɗauki Relay, wani kayan aikin irinsu. Na Facebook ne, inda aka ƙirƙiro GraphQL a 2012 kafin a sake shi ga kowa a 2015. Yana da ƙarfi, amma sai an tsara sabar bisa ƙa'idojinsa ake cin cikakkiyar moriyarsa, ga kuma ƙarin matakin sarrafa kod kafin ya yi aiki da yake buƙata. Ya yi wa shago ɗaya yawa.

Da shafin labarai kake ginawa, inda karatu ya fi canji yawa, da urql zan ce ba tare da jinkiri ba. Naka kuwa magani ɗaya yana fitowa a wurare da yawa, adadinsa na sauyawa duk minti. Ɗauki Apollo. Ƙarin dalili shi ne masu amfani da shi sun fi yawa, idan ka maƙale tsakar dare da wuya ka rasa wanda ya riga ka shiga matsalar.

Kafin ka rubuta layin farko, ka zauna da mutumin sabar ku daidaita abu biyu: kowane nau'i ya zo da id, kuma duk canjin da aka yi ya dawo da abin da aka canza ɗin, ba kalmar "an yi" kawai ba. Kai ma kada ka manta da sa id a cikin kowace tambaya da ka rubuta, domin in babu shi Apollo ba zai gane farasitamol ɗin kwando shi ne na jerin kaya ba.