Zaɓen Maƙalin Sauri na Tarakta: Firam, Alwatika ko Ƙugiya

Haɗa garma ko haro da hannuwa ukun da ke bayan tarakta (biyu a ƙasa, ɗaya a sama) aiki ne mai cin lokaci, domin sai direba ya yi baya, ya sauko, ya daidaita rami da fin, wani lokaci har da guduma, kuma a nan ne yatsu suka fi shiga haɗari. An ƙera maƙalin sauri, wato ƙarfen da ke shiga tsakanin hannuwan da kayan aiki, domin direba ya ɗauki kayan aiki yana zaune a kujerarsa.

Kafin a yi maganar iri, wajibi ne mai saye ya san rukunin taraktarsa, wato ajin girman hannuwanta da fin ɗinsu. Kaurin fin ɗin ƙasa a rukuni na 1 milimita 22 ne, a rukuni na 2 milimita 28, kuma tarakta mai ƙarfin doki 75 irin Massey Ferguson 375 da rukuni na 2 ta saba aiki.

Maƙalin firam, wanda ya fi yaɗuwa a Amurka, ƙarfe ne guda mai ƙugiya uku, kuma kamfanin John Deere na sayar da nasa da sunan iMatch. Ya fi sauran sauri, sai dai faɗinsa ba ya canzawa, wato tazarar fin biyu na ƙasa a rukuni na 2 dole ta kasance kusan santimita 82, sannan a sa musu bushin, wato zoben ƙarfe mai ƙara musu kauri, kafin ƙugiya ta riƙe su da kyau. Haro ko rija da mai walda ya ƙera da ido sau da yawa ba ya cika wannan awo, don haka a ɗauki tef a auna kowane kaya tun kafin a biya kuɗi. Firam ɗin yana kuma tura kaya baya da kusan santimita 10, abin da ke rage nauyin gaban tarakta, ya sa wata sandar PTO, wato sandar da ke juya kayan aiki da ƙarfin injin tarakta, ta gaza tsawo.

Maƙalin alwatika kashi biyu ne: namiji a jikin tarakta, mace a jikin kaya. Yana magance bambancin awo, amma kowane kaya sai an saya masa nasa rabin, kuɗin kuwa yana taruwa.

Na ukun shi ne ƙugiyoyi irin na kamfanin Walterscheid, waɗanda ake ɗaura wa bakin hannuwan ƙasa, a sa ƙwallon ƙarfe a kan fin. Tun da hannuwan suna iya buɗewa da tsukewa, suna karɓar kaya masu faɗi daban-daban, ko da yake hannun sama yawanci sai an sauko an haɗa shi. A ganina wannan ne ya fi dacewa da mai ba da hayar tarakta, wanda kayansa gauraye ne, da sharaɗin ƙwararre ya yi waldar. Sandar PTO da tiyon mai kuwa, a duka ukun da hannu ake haɗa su, bayan an kashe inji.