Wata uku da manhajar How We Feel a wayata

Ƙanwata ce ta saka min ita, ranar da na kai mata ziyara ta ga yadda na daka wa ɗan autana tsawa a tsakar gidanta don ya ɓarar da kofin kunu. Ba ta tanka ba sai da na tashi tafiya. Ta rako ni zaure ta ce, "Yaya, ara min wayarka minti biyu." Da ta miƙo min ita ta ce, "Za ta riƙa tambayarka yadda kake ji. Don Allah ka ba ta amsar gaskiya, ba irin wadda kake ba mu ba." Yau wata uku ke nan ina amfani da ita kusan kullum.

Manhajar kyauta ce, babu talla a cikinta. Wata ƙungiya da ba ta neman riba ce ta yi ta a Amurka, tare da masana na Jami'ar Yale ƙarƙashin Farfesa Marc Brackett, wanda ya daɗe yana koyar da makarantu yadda yara da malamai za su gane halin da zuciyarsu ke ciki. A 2022 tana cikin manhajojin da kamfanin Apple ya karrama. Da ka buɗe, launi huɗu za ka gani. Ja na wanda jikinsa ke a tashe kuma ransa ba daɗi. Rawaya na mai kuzari da farin ciki. Shuɗi na wanda jikinsa ya mutu, rai kuma a jagule. Kore na mai natsuwa. In ka zaɓi launi sai kalmomi su bayyana, sun haura ɗari in an haɗa su duka, kowace da ɗan bayani a ƙasanta. Daga nan ka nuna abin da kake yi, da wanda kuke tare, da inda kake. Ba ya kai minti ɗaya.

Makon farko kore na yi ta dannawa. Sai daga baya na gane gaisuwa nake yi da wayar. Mu da aka tashe mu a kan "Ina gajiya?" a amsa "Ba gajiya," ko da mutum ya wuni a gona, bakinmu ya saba. Ni ban ga laifin wannan gaisuwa ba. Kawaici ne, kuma kare mutunci ne, ba kowa ake buɗe wa ciki ba. Matsalata ita ce na wayi gari ina yi wa kaina kawaicin, har ni ma ban san abin da ke cikina ba.

Wani dare bayan Isha'i, an ɗauke wuta, ina duba takardun jarrabawar ɗalibaina da fitilar caji, sai uwargida ta zo ta zauna gefen tabarma ta fara maganar kuɗin makarantar yara. Nan take na ji wuyana ya ɗau zafi, haƙorana sun haɗe. Daidai lokacin wayar ta yi motsi. Na danna ja, yatsana ya nufi kalmar fushi. Sai na tsaya na karanta bayanin da ke ƙasanta, yana magana ne kan wanda yake ganin an yi masa rashin adalci. Na tambayi kaina: wa ya zalunce ni a ɗakin nan? Babu. Na ci gaba da duba kalmomin har na faɗa kan wadda ke nufin damuwa da abin da bai riga ya zo ba. Da Hausa zullumi ke nan. Ƙarshen wata kuɗin haya zai cika, ga na makaranta ya taso. A ƙarƙashin zullumin kuma akwai kunya, kunyar magidanci da za a tambaya ya rasa amsa. Na ajiye biro na ce mata, "Ba fushi nake yi da ke ba, kuɗin haya ne ya tsaya min a rai." Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "Ai da ka faɗa tun ɗazu, Malam." Muka zauna muka yi lissafi a bayan wata tsohuwar takarda har aka dawo da wuta.

Wannan daren ne ya sa na nemi sanin abin da masana suka ce. A 1987 wasu masana biyu, Richard Lane da Gary Schwartz, sun bayyana cewa sanin motsin rai hawa-hawa ne, har mataki biyar. A na farko mutum jikinsa kawai yake ji: kai na sara, ƙirji ya yi nauyi. A na biyu yunƙuri yake ji, yana son ya yi tsawa ko ya fice daga gida. A na uku yana iya kiran abu ɗaya da sunansa, ya ce tsoro ne ko baƙin ciki. A na huɗu yana gane cewa abu biyu ko uku sun cakuɗe a lokaci guda. A na biyar yana ganin cakuɗar a kansa, yana kuma ganinta a wanda ke gabansa. Da na karanta, na ga shekaruna da yawa a tsakanin na farko da na biyu suka wuce. Sau nawa na sha farasitamol don ciwon kan da asalinsa takaici ne? Akwai kuma binciken Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles a 2007: sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna kallon fuskokin fushi da na tsoro, suka ga idan mutum ya sa wa abin suna, sashen da ke zabura da barazana, wanda ake kira amigdala, yana rage tashi. Abin da na ji a jikina a kan tabarmar nan ke nan.

Ban ɗauki wannan a matsayin baƙon ilimi ba. Tun muna makarantar Islamiyya aka koya mana rai mai yawan umurni da mummuna a Suratu Yusuf, da rai mai zargin kansa a Suratul Ƙiyama, da rai mai natsuwa a Suratul Fajr. An kuma koya mana cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Amma kafin ka zauna sai ka lura cewa abin ya taso, kuma a nan nake makara kullum. Manhajar ba ta maye gurbin muhasaba, wato yi wa kai hisabi, ba, ƙararrawa ce da ke tuna min lokacinta.

Kalmomin da Turanci suke, don haka sai mai ɗan karatun boko zai ji daɗinta sosai. Ni na mayar da wurin rubuta ƙarin bayani ya zama na Hausa, kuma a nan na ga arzikin harshenmu. Haushi daban, takaici daban, ɓacin rai daban. Fargaba ba ita ce zullumi ba. Akwai ƙunci, akwai kewa, akwai ƙosawa. Akwai kuma wanda ban samo masa takwara a jerin ba, wato nauyin da kake ji idan babba ya nemi abu a wurinka kana son ka ƙi amma kara ta hana ka.

Bayan mako shida na duba jadawalin da take tarawa. Jajayen nawa sun fi taruwa tsakanin Azahar da La'asar, a ranakun da na fita ban karya ba kuma na koyar da aji huɗu a jere. Na shigo gida da yunwa da gajiya, yara su kwashi rabonsu. Yanzu ina cin wani abu kafin in bar makaranta, in an idar da salla kuma in ƙara minti goma a masallaci. Akwai gajerun bidiyo na dabarun numfashi da sauya tunani. Biyu sun amfane ni, sauran ban cika buɗewa ba saboda ina tattalin data. Akwai kuma damar haɗawa da aboki ya riƙa ganin halin da kake ciki, wannan ban kunna ba.

Wanda ya ga shuɗi ya mamaye masa makonni, barci ya ƙaurace, abinci ya fita a ransa, kada ya tsaya a waya. Ya ga likita, akwai asibitocin lafiyar ƙwaƙwalwa kamar na Barnawa a Kaduna da na Dawanau a Kano.

Ranar Litinin da ta wuce ɗan autan nan ya maƙale a bakin ƙofa da jakarsa, wai cikinsa ke ciwo. Na durƙusa na tambaye shi a ina, ya nuna saman cibiya. Na ce, "Me za a yi yau a makaranta?" Ya sunkuyar da kai ya ce za a karɓi hadda, kuma aya uku sun kufce masa. Muka zauna a dakalin ƙofar gida muka maimaita su sau biyar, sannan na ɗora shi a babur.