Sharhi Kan Ƙaramar Rediyo Mai Caji Don Sauraron Wasan Ƙwallo

Rediyon da nake magana a kanta irin ƙananan nan ne masu caji da ake sayarwa a shagunan kayan lantarki na Taminus a nan Jos, tana kama FM da gajeren zango, kuma tana da ɗan faifan sola a bayanta. Don ƙwallo kaɗai na saye ta, saboda aikin shago ba ya barina zuwa gidan kallo ranar Asabar.

Lasifikarta ce ta fi burge ni. Yawancin ƙananan rediyo sukan cakuɗe muryar mai sharhi da ihun 'yan kallo har su zama hayaniya ɗaya, amma wannan tana fitar da kowanne daban, kuma ga mai bin wasa da kunne babu abin da ya fi wannan muhimmanci. Ihun fili yakan riga mai sharhi bayar da labari: idan ya taso a hankali, hari ne ake ƙullawa ta gefe; idan ya yanke farat ɗaya aka ji usur, galibi satar gida ce; idan kuwa masu masaukin baƙi suka yi tsit, to ƙwallo ta shiga ragarsu tun kafin a faɗa. Har ƙarar turken raga na taɓa ji sarai. Dattawan garin nan, waɗanda suka ga zamanin da ƙungiyar Mighty Jets ta Jos ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 1972, har yau suna ambaton marigayi Ernest Okonkwo, mai sharhin ƙwallo na Rediyon Najeriya, wanda ya laƙaba wa ɗan wasan Najeriya Segun Odegbami sunan Mathematical, kuma sai da na zauna da wannan na'ura na gane dalilin da ya sa murya kaɗai ta ishe su.

Wata fa'idar ita ce sauri. Hoton tauraron ɗan'adam da na intanet sukan makara da 'yan daƙiƙu, shi ya sa nakan ji an ci tun maƙwabcina yana jiran bugun kusurwa a wayarsa, abin da ba ya yafe mini.

Batirinta yana ɗaukar wasa biyu a jere idan ba a ƙure sauti ba. Solar kuwa kusan ado ce, musamman a watan Agusta da rana ke wuyar gani a Filato, don haka gara a cika ta da wutar lantarki tun da safe. Maɓallin neman tasha shi ma yana da santsi, taɓawa kaɗan sai tasha ta zame, abin da ke da ciwo a mintin ƙarshe na wasan Plateau United. A unguwannin da duwatsu suka kare, FM takan yi shashsheƙa sai an zare eriya gaba ɗaya an matsa kusa da taga, gajeren zango kuma ya fi fitowa tangaran bayan magariba.